Littafin Awon Tela: Ni da Ƙwayoyina Uku

Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

A bayan littafin da nake rubuta awon masu ɗinki na buɗe wannan shafi, don shi kaɗai ne littafin da bai taɓa ɓace mini ba. Ni tela ne a Asawase, nan Kumasi. Shekarata 54, tara daga ciki da maganin hawan jini na yi su. Kowace safiya ƙwaya uku: amlodipine miligiram 10, lisinopril miligiram 10, sai 'yar ƙaramar nan mai sa fitsari da ake kira bendro, 2.5.

A watan Fabrairu sikelin asibiti ya ba ni kilo 106. Makon jiya ya ba ni 93. Ba wani wa'azin likita ne ya motsa ni ba, an yi mini shi shekara da shekaru ina cewa to. Yayana ne ya faɗi a bakin shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mutumin da ya goya ni yau sai an ɗaga shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun daga nan na bar hawa pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ina takowa da ƙafa daga Sawaba zuwa shago, in koma da ƙafa. Waakye na safe, wato shinkafa da wake, da nake sa a labta mini taliya da gari da ganda da soyayyen yajin nan shito, na mayar da shi rabi. Ataya zagaye uku a majalisa ya koma kofi ɗaya. Uwargida kuma ta fitar da koobi da momoni, kifayen nan da ake adanawa da gishiri, daga tukunya, ta rage dunƙule, ta koma wa daddawa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya same ni ranar Juma'a. Na ɗago daga sujada zan miƙe raka'a ta biyu, sai masallacin ya yi duhu, ƙasa ta juya. Ba don bawan Allah da ke gefena ya tallabe ni ba, da na kifa kan sahun gaba. Wannan shi ne karo na huɗu cikin mako uku, amma shi ne na farko a gaban jama'a.

Na zauna na yi lissafi irin na masu sana'ata: rigar da aka yanka wa mai kilo 106 ba za ta zauna wa mai 93 ba. Tun jiya ban sha ko ɗaya ba. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Asiri ya tonu. 'Yata ta biyu, wadda ke makarantar koyon aikin jinya, ta zo gida ta ga katin ƙwayoyin yadda yake tun Asabar. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauko na'urar awon jini da muka saya bayan faɗuwar Yaya ta ɗaura mini. 151 bisa 95.

Na ce mata ai garau nake jin jikina, jirin ma ya tafi. Ta ce, "Baaba, shi Baaba Babba ranar da ya faɗi, da safe ba garau ya fita ba?" Ban sami amsa ba. Na haɗiye uku ɗin a gabanta.

Litinin, 21 ga Oktoba

Asibiti. Na yi niyyar in ɓoye wa likita maganar kwana biyar ɗin, sai na tarar yarinya ta riga ta rubuta a takarda ta saka cikin katina.

Ban sha faɗan da na zata ba. Likitar ta ce lissafina bai yi kuskure ba, hannuna ne ya yi sauri. A ƙiyasi, kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yakan rage wa lambar sama kusan maki ɗaya, rage gishiri kuma ya ƙara nasa, tafiyar ƙafa ta ƙara nata. Idan duk waɗannan suka haɗu alhali ƙwayoyin na nan yadda suke, jinin zai sauka fiye da yadda ake so. Ta sa na kwanta minti biyar aka auna: 114 bisa 72. Na miƙe tsaye aka sake: 92 bisa 62. Ta ce idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye cikin minti uku da miƙewa, to jinin ba ya isa kai da wuri, shi ne duhun da na gani a masallaci.

Na ce to a cire mana. Ta ce za a cire, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma sai da awo. Na ji kunya a nan, domin ni ne mai korar yaran shago in na ga sun ɗauki almakashi ba su ɗora tef ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Aikin da ta ba ni: kwana bakwai, safe da dare, awo biyu-biyu, tsakaninsu minti ɗaya. In zauna a kujera mai jingina minti biyar tukuna, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi rabin awa kafin nan. Na safe kafin shan magani. Kafin mu sake haɗuwa, in zan tashi daga sujada in ɗan zauna tukuna, kada in zabura.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na kai littafin. Ta soke ranar farko, wai ita ba a lissafa ta, ta haɗa sauran ta raba: 112 bisa 70. An ajiye bendro daga yau. Dalilinta: ita ce mai fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, ni kuwa yanzu ina tafe cikin rana ina zuba gumi, ga gishirin ma na rage. An ɗebi jini don duba ƙoda da sinadarin potasiyom. Mako huɗu in dawo.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Jiri ya tafi, ko sau ɗaya bai dawo ba. Matsakaicin makon nan 121 bisa 77, sakamakon jini lafiya lau, sikeli 91. Wani alheri da ban sa rai ba: yanzu sai in kai Azahar ban nemi bayan gida ba, a da kuwa kafin hantsi na je sau uku, yaran shago har sun san lokutan.

Yau kuma tef ɗina ya yi rana. Nas ɗin da ke auna mu, 'yar Aboabo ce, da Hausa muke yi da ita, ta tambaye ni girman maɗaurin na'urata ta gida. Ashe su ma suna da awo kamar hannun riga. Wanda aka saba sayarwa na damtse santimita 22 zuwa 32 ne, babban kuma 32 zuwa 42. Idan ya yi wa mutum kaɗan sai ya ƙara wa lambar, idan ya yi masa yawa yana iya ragewa. Na zaro tef daga aljihu na auna tsakiyar damtsena nan take a gabanta: 33. A Fabrairu, da na yanka wa kaina kaftani, 37 na rubuta, yana nan a shafi na gaba. Ke nan babban maɗaurin da nake da shi bai fita ba tukuna, amma saura ƙiris. Ta yi dariya ta ce, "Baaba, da duk masu zuwa nan teloli ne da mun huta."

Abin ya tsaya mini a rai. Mutum nawa ne a Zango, masu jiki irin nawa na da, aka ɗaura wa ɗan ƙaramin maɗauri a kemis aka faɗa musu lambar da ba tasu ba?

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar zaɓe. Kusan awa biyu a layi cikin rana, a tsaye, ban nemi benci ba.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Hunturu ya busa sosai, fitar Asuba sai da hula da rigar sanyi. Na tsallake tafiya kwana huɗu saboda ƙura, sauran na yi. Kilo 90, matsakaici 119 bisa 76.

Yau aka taɓa amlodipine, daga 10 zuwa 5. Ni da na so a cire ta gaba ɗaya a bar mini lisinopril, domin ita ce ke kumbura mini idon sawu. Shekaru ke nan in La'asar ta yi takalmin sau-ciki ba ya shiga, ina ɗora laifin a kan zaman keke. Likita ta ce kumburin yana bin yawan maganin ne, a 5 zai ragu ƙwarai, amma ba za ta raba ni da ita ba. Bayaninta shi ne mu baƙar fata jininmu ya fi jin irin su amlodipine fiye da irin su lisinopril in aka ba da ita ita kaɗai. Da daddare 'yata ta ƙara mini da cewa an yi wani babban gwaji a ƙasashen Afirka shida, Najeriya da Kamaru na ciki, aka buga sakamakonsa a 2019, kuma haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu ita saukar da jini. To, an fi ni sani.

A hanyar dawowa na shiga trotro daga Kejetia, sai ga mai maganin cikin mota ya miƙe da kwalbarsa. Basir, ciwon baya, sanyin mara, hawan jini, duk kwalba ɗaya, kuma wai kwana 21 ka jefar da ƙwayoyin Bature har abada. Mutum uku suka saya a gabana. Na san abin da ya ja su, domin shi ya ja ni a Oktoba, ni dai kawai ban biya kuɗi ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Matsakaici 127 bisa 81. Ya ɗan hau, kuma an faɗa mini zai hau. Iyakar da ta gindaya mini a awon gida ita ce 135 bisa 85, ta asibiti 140 bisa 90, saboda mutane da yawa ganin farar riga kaɗai na tayar musu da jini. Idon sawu ya saɓe, na ga jijiyoyin ƙafata da na manta da su.

Mun yi shirin azumi. Tunda duka biyun sau ɗaya ake sha a yini, babu wuya: in haɗa su bayan Isha'i, lokacin da na riga na sha ruwa na ƙoshi. Ta ce Allah ya taimake ni bendro ta riga ta fita, don ita ce ke wahalar da masu azumi a zafin Maris. Gargaɗi biyu na rubuta da jan biro. In gudawa ko amai suka kama ni, in dakatar da lisinopril in kira ta, saboda jiki in ya bushe ƙoda ce ke ɗaukar nauyin. Sannan gishirin nan na kanti da ake cewa na masu hawan jini ne, kada in saya ban tambaya ba, potasiyom ne a ciki, lisinopril kuwa dama tana riƙe shi a jiki.

Na sabunta katin inshorar lafiya ta waya da *929#, yaron shago ya danna mini.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi na tafiya. Awa 13 da ɗoriya, zafi kamar a bakin murhu, amma ba jiri. Tafiyar yamma na mayar bayan tarawihi, in zaga har shataletalen filin jirgi in dawo.

Inda gizo ke saƙa shi ne faranti. Koko ba ya shiga sai da sukari, ƙosai ba ya tsayawa a uku, ga maƙwabta kowa na aiko da nasa, kuma ba a mayar da kwanon azumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da shito da dunƙule, shi dunƙulen ma kusan rabinsa gishiri ne. Miyar gidana na san abin da ke ciki. Ta gidan Hajiyar da ke bayanmu kuwa, daɗinta kaɗai ya isa shaida. Uwargida ta ce, "Maigida, ka ɗanɗana ka sa albarka, yara su ƙarasa." Haka muke yi, wasu ranakun.

Awon daren jiya 129 bisa 82.

Alhamis, 27 ga Maris

153 bisa 96 da safe. Na sake, 150 bisa 94. Jiya ma haka.

Wanda bai taɓa zama tela a goman ƙarshe ba ba zai gane ba. Shadda ta cika shago har rufi, kowa na son nasa kafin Sallah, wanda ya kawo jiya ya fi wanda ya kawo tun Sha'aban ɗaga murya. Kwana takwas ke nan ban yi barcin awa huɗu a jere ba. Tafiya ta tsaya cak. Daga buɗa-baki zuwa sahur goro ne a bakina, da ataya mai kauri da yara ke dafawa a bakin ƙofa. Bayana ya riƙe, na aika aka sayo mini diclofenac, ina sha da buɗa-baki da sahur yau kwana shida.

Na kira likita ina jiran ta ce a koma 10. Tambayarta ta farko ita ce me na sha wanda ba ita ta rubuta ba. Da na ambaci diclofenac ta ce in ajiye shi yanzun nan. Shi da ibuprofen da danginsu suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna karya ƙarfin maganin hawan jini, kuma haɗa su da lisinopril ga mai azumi a wannan zafi neman faɗa ne da ƙoda. In sha paracetamol, in riƙa miƙewa daga keke duk bayan awa ɗaya. Ba za ta ƙara mini komai ba a kan awon makon da ba ni barci. Amma in na ga 180 bisa 120, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, kada in tsaya kiran kowa, in nufi asibiti.

Na mayar wa mutum huɗu yadinsu da daren nan. Ɗaya ya ce ba zai ƙara kawo mini ɗinki ba. Shekara 30 ina wannan sana'a ban taɓa mayar da ɗinkin Sallah ba, yaran shago suka tsaya suna kallona kamar na yi saɓo. Babbansu ya ce, "Masta, mu kwana mu gama mana." Na ce ku kwana, ni na tafi.

Laraba, 16 ga Afrilu

An koma 126 bisa 80. Gwajin ƙoda lafiya, alhamdu lillahi. Sikeli ya ce 92, wato azumi ƙara mini ya yi.

Laraba, 14 ga Mayu

Kilo 89, matsakaici 122 bisa 78. Damina ta sauka, ina fita da lema. Ni na roƙa a gwada ajiye lisinopril, kuma ba zan ɓoye dalilin ba. A majalisa akwai wanda ke cewa duk wanda ya fara ƙwayar nan sai kabari, ina so in nuna masa. Likita ta amince a gwada tunda ba ni da ciwon suga kuma fitsarina bai nuna matsalar ƙoda ba. Da akwai ɗaya daga ciki, in ji ta, ko jinin ya sauka ba za ta cire ba, domin a irin wannan hali aikin ƙwayar kare ƙoda ne. Sharaɗi: awo sau uku a mako, sannan cikakken mako kafin ranar dawowa.

Ƙwaya ɗaya tak a tafin hannuna gobe da safe. Rabona da haka tun shekarar da aka fara ba ni magani.

Laraba, 18 ga Yuni

Bai yiwu ba.

Mako biyun farko lambobin sun yi kyau har na fara baza labari. Daga na uku suka fara hawa a hankali, 133, 136, 138. Makon da ya ƙare jiya: 141 bisa 89. Na so in ɗora wa naman Layya, don gaskiya na ci, soyayye da kilishi da wanda uwargida ta barbaɗe da yaji. Amma hawan ya fara tun kafin a yanka rago, yana nan a rubuce da hannuna, ba yadda zan yi da shi. Ban sha maganin ciwon jiki ba, ɗinkin wannan Sallar rabi na karɓa, barci na yi, tafiya ban fasa ba, kilo 89 bai motsa ba.

Na tambayi likita me ya rage ban yi ba. Ta ce ba lallai akwai ba. Mahaifina da shi ya rasu, Yaya ga shi a kwance, jijiyoyin mai shekara 55 kuma ba na ɗan 30 ba ne, sun fara tauri. Ƙiba da gishiri kaso ne na abin, an sauke su, jinin ya biya da abin da zai iya. Sauran na gado ne da shekaru. An mayar da lisinopril, amma 5 maimakon 10.

Na fito raina a jagule. A bakin ƙofa nas ɗin nan ta karɓi littafin ta buɗe shafin farko ta ajiye kusa da na yau. Can 10 da 10 da 2.5, da mutum yana faɗuwa a sahu. Nan 5 da 5. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta kira mai bi mini.

Majalisa kuwa na je da daddare na faɗa da bakina kafin su ji a wani wuri. Mutumin nan ya ce, "Ban gaya maka ba?" Na ce ka gaya mini. Na sha kofina ɗaya.

Lahadi, 20 ga Yuli

124 bisa 79 matsakaicin makon nan. Ba jiri, ba kumburi. Damtse ya sauka 31, don haka na sayi matsakaicin maɗauri, na kai na'urar asibiti aka gwada ta da tasu, bambancin maki biyu ne. Yanzu sai bayan wata uku zan koma, a Oktoba, da gwajin jini. Awo ya koma sau biyu a mako.

Babban maɗaurin na kai wa Yaya ɗazu. Na auna damtsensa na hagu, mai lafiyar, 36, ya zauna masa daidai. Matarsa ta kawo ledar magungunansa muka zazzage a tabarma, sai ga diclofenac kati biyu a ciki, wai na ciwon kafaɗa ne wani ya ba shi. Na ware su gefe, na ce ta tafi da ledar gaba ɗaya ranar Talata ta nuna wa likitansa. Na yage shafi biyu daga bayan littafin nan na ja musu layi, safe da dare, kwana bakwai, ɗansa zai riƙa rubutawa.

Kaftanaina na bara guda shida suna rataye a shago tun watan jiya. Gobe in an buɗe zan sa babban yaron ya ɗora mini tef, mu fara rage su.